Lambobi huɗu, ido biyu: yadda awon launin makula ya rikice a wani dattijo

Dattijo mai shekara 72 ya zo asibitin ido da koke biyu. Ƙananan rubutu na ba shi wahala da zarar haske ya yi rauni, sannan in ya shigo ɗaki daga cikin rana sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a jikin bango, ya ɗan jima kafin ya ga inda kujera take. Ya sha sigari kusan shekara 25, ya bari shekara 10 da suka wuce. Shekara 3 baya an yi masa aikin yanar ido a dama, aka cire lensinsa na halitta aka sa na roba mai haske garau, irin wanda ba ya tace shuɗin haske. Idon hagu kuwa yana nan da lensinsa, kuma yanar ta kama tsakiyarsa har ta fara yin ruwan ƙasa. Wannan lamari misali ne da aka tsara don koyarwa, lambobin mara lafiyan ma na misali ne, amma kowace matsala da ke cikinsa tana faruwa a ɗakin gwaji, kuma ta hanyar da za a bayyana take faruwa.

Da tabarau, a allon gwajin gani, inda 6/6 ne cikakken gani, dama tana karanta 6/9, hagu 6/18. Matsin ido daidai yake. Da aka leƙa bayan ido sai ga manyan durusen a duka biyun, wato ɗigogin rawaya na tarkacen kitse da furotin da ke taruwa a ƙarƙashin retina, shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske. Ana ce wa durusen babba in faɗinsa ya wuce maikurometa 125, kwatankwacin faɗin babbar jijiyar jini a bakin inda jijiyar gani ta haɗu da ido. Hagu tana da ƙari: tabo-tabon duhu a shimfiɗar da retina ke zaune a kai, wadda likitoci ke kira RPE. Hoton OCT, mai nuna shimfiɗun retina daki-daki, bai nuna ruwa ba, babu kuma alamar sabbin jijiyoyi. Wannan shi ne matakin tsakiya na lalacewar makula (tsakiyar retina) ta tsufa, kuma busasshiyar ce, ba ta kai ga zubar ruwa ba.

Akwai lissafi mai sauƙi da ya fito daga binciken AREDS na Cibiyar Ido ta Ƙasa a Amurka. Ana ba da maki 1 ga kowane idon da ke da babban durusen, da maki 1 ga kowane idon da ke da tabon RPE. Mai maki 2 haɗarinsa na kaiwa mataki mai tsanani cikin shekara 5 kusan kashi 12 ne cikin 100, mai maki 3 kusan 25, mai maki 4 kusan 50. Dattijon nan na da 3.

Rikicin ya taso ne daga takardu biyu da aka liƙa a fayil ɗinsa a rana guda. Na'urar gwajin ƙiftawar haske ta ce kaurin launin makula a dama 0.11 ne, a hagu 0.52. Kyamarar hoton ƙyalli ta ce a'a, dama 0.38, hagu 0.14. Ɗaya ta ce dama ce ta talauce, ɗayar ta ce hagu ce. Mutum ɗaya, safiya ɗaya.

Abin da ake aunawa

Makula ita ce tsakiyar retina, faɗinta kusan milimita 5.5, kuma a cibiyarta akwai ɗan kwari mai faɗin kusan milimita 1.5 da ake kira fobiya. Da nan ake karatu, da nan ake gane fuska. Wurin yana da launin rawaya saboda sinadarai uku: lutin, ziyazantin da meso-ziyazantin. George Wald ne ya nuna a 1945 cewa launin daga dangin rawayan da ke cikin ganye yake. Richard Bone da John Landrum suka tantance lutin da ziyazantin a 1985, na ukun kuma aka gano shi a 1993. Jiki ba ya ƙera biyun farko, daga abinci suke zuwa, musamman ganye masu duhun kore, gwaiduwar ƙwai da masara rawaya. Na ukun kuwa yawancinsa ido ne ke juya lutin ya samar da shi.

Launin yana kwance a gaban ƙwayoyin da ke karɓar haske, don haka sai haske ya ratsa shi kafin ya isa gare su. Yana shanye shuɗi, ya fi ƙarfi a hasken da tsawon zangonsa ya kai wajen nanometa 460, kore kuwa kusan duka yake bari ya wuce. Ya fi kauri a tsakiyar fobiya, sannan ya ragu da sauri, in an kai digiri 7 zuwa 8 daga tsakiya kusan babu shi. Digiri 1 a kan retina kusan milimita 0.3 ne. Duk hanyoyin awo biyun da aka yi wa dattijon a kan wannan suka dogara: a kwatanta tsakiya, inda launin yake, da gefe, inda ake ɗauka babu.

Lambar da na'ura ke fitarwa, wadda ake rubutawa MPOD, lambar logarizim ce. 0.3 na nufin rabin shuɗin an tare shi, 0.5 kusan kashi biyu cikin uku, 1.0 kashi 90 cikin 100. Yawancin mutane tsakanin 0 da 1 suke faɗawa. Abin da ya fi muhimmanci a wannan lamari shi ne, idanun mutum ɗaya yawanci kusa suke da juna a wannan awo, tunda jini ɗaya ne ke kai musu sinadarin. Tazara kamar ta 0.11 da 0.52 a idanun da duka biyun suke matakin tsakiya, babu miki babu wurin da ya mutu, dalili ne na a fara zargin gwajin kafin a zargi idon.

Gwajin ƙiftawa, da inda ya zame

Mara lafiya yana leƙa cikin na'ura da ido ɗaya, ɗayan a rufe. Yana ganin ɗan da'irar haske da ke musanya tsakanin shuɗi na wajen nanometa 460 da kore na tsakanin 530 da 540, da saurin da ido ba ya raba launukan. In shuɗin da koren ba su yi daidai da ƙarfi a wurin ƙwayoyin gani ba, da'irar tana rawa. In sun yi daidai, rawar ta kusa ɓacewa. Mai launin makula da yawa yana buƙatar ƙarin shuɗi a tsakiya kafin a kai wannan daidaito, saboda an tare wani kaso a hanya. A na'ura irin MPS II, ƙiftawar tana farawa da sau 60 a daƙiƙa, tana raguwa a hankali, mutum ya danna maɓalli da zarar ya ga rawa. Ana maimaitawa ana canza rabon shuɗi da kore, har a sami zane mai kama da kwari, ƙasan kwarin shi ne wurin daidaito. Sai a sake yi yana kallon wani jan ɗigo a gefe, yadda da'irar za ta faɗa kan retina a digiri 8 daga tsakiya.

A nan gizo ke saƙa. Awon gefen shi ne mai wahala ga tsofaffi, yana cin lokaci, don haka na'urar tana da gajeriyar hanya: a auna tsakiya kawai, a ƙiyasta gefen daga shekarun mutum. Da wannan aka yi wa dattijon. Ƙiyasin yana ɗauka cewa mai shekara 72 yana da lensin mai shekara 72, wanda ya yi rawaya gwargwadon tsufansa kuma yake tare shuɗi shi ma. Ana cire wannan kason daga jimillar, abin da ya rage a kira shi launin makula.

Idonsa na dama ba shi da wannan lensin, robar da ke ciki garau take. Ba a gaya wa na'urar an yi aiki ba, sai ta cire rawayan da babu shi, ta cinye daga rabon makula, 0.11 ta fito. A hagu akasin haka ne. Yanar da ta yi ruwan ƙasa tana tare shuɗi fiye da lensin sa'anninsa, na'urar ta cire kason da aka saba kawai, ragowar ta ɗora wa makula, 0.52 ta fito. Duka lambobin biyu labarin lensi suke bayarwa.

Aka sake kiransa wata rana, domin gwajin ƙiftawa ba a yin sa bayan an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido ko bayan an haska ido da fitila mai ƙarfi. Aka sa gilashin da ya dace da nisan da'irar, aka ba shi zagayen koyo guda wanda ba a lissafa ba, sannan aka yi cikakken gwaji, tsakiya da gefe, sau uku a kowane ido. Yadda ake gaya wa mutum abin da zai yi rabin gwajin ne. "Baba, ku zuba wa jan ɗigon nan ido, kada ku bi hasken da ke gefe. Da kun ji ya fara rawa ku danna, kada ku jira sai kun tabbatar. In ya ɓace muku, ku ƙifta ido." Wannan na ƙarshen dole ne a faɗe shi, saboda abin da ke gefen gani in ido ya tsaya cak yakan dushe ya ɓace cikin daƙiƙu kaɗan, ƙifta ido ke dawo da shi.

Mai gwajin kuma ba allo zai tsura wa ido ba, idon mara lafiya zai lura da shi. In a awon gefe mutum ya saci kallon da'irar, ya auna tsakiya sau biyu ke nan, bambancin ya ragu, lamba ta faɗi. In a awon tsakiya idon ya zame gefe, lamba ta sake faɗuwa. Kurakuran kallo biyun duk ƙasa suke ja. Shi ya sa ƙaramar lamba a tsohon da makularsa ta fara lalacewa ba a karɓarta da awo guda.

Dama ta ba da 0.31, 0.34 da 0.36, zanen kwarinta mai zurfi da tsini. A awo na biyun nan shuɗin da ya buƙata a fobiya ya ninka na gefe sau 2.2, logarizim ɗin 2.2 kuwa 0.34 ne, wato ana tare sama da rabin shuɗin kaɗan. Hagu ta ba da 0.22, 0.35 da 0.31. An jefar da na farkon saboda an ga idon ya bi da'irar. Zanen hagu shimfiɗaɗɗe ne, ƙasansa faffaɗa, abin da ake gani in yana ta rage haske kuma ƙwayoyin gani sun rage jin ƙiftawa. Aka rubuta kusan 0.33, da bayanin cewa amincinsa matsakaici ne. A cikakken gwaji lensi ba ya ɓata lissafi sosai, tunda tsakiya da gefe ta lensi ɗaya suke kallo, kasonsa yana soke kansa.

Hoton ƙyalli

Wannan hanya ba ta tambayar mara lafiya komai, shi ya sa ake ganin kamar ba ta kuskure. A cikin RPE akwai wani tarkace mai suna lipofusin, wanda in aka haska shi yakan mayar da nasa ƙyallin. Kyamara irin Spectralis ta kamfanin Heidelberg tana haska bayan ido da shuɗi na wajen nanometa 488 da kore na wajen 514, ɗaya bayan ɗaya, na kusan daƙiƙa 30. Launin makula yana tare shuɗin sosai, koren kaɗan, don haka a hoton shuɗi fobiya takan fito baƙi, a hoton kore duhun ya ragu. Daga bambancin hotunan biyu, in aka kwatanta da wani zobe a gefe, ake zana taswirar launin gaba ɗaya. Taswirar tana nuna siffa, ko tsini ne a tsakiya ko zobe, abin da gwajin ƙiftawa na wuri ɗaya ba ya nunawa. Akwai ma cutar da siffar kaɗai ke tona ta: a faɗaɗar ƙananan jijiyoyin makula nau'i na 2, launin yakan ɓace a tsakiya ya bar zobe a kewaye.

Sharuɗɗanta su ne a buɗe ƙwayar ido sosai, a daidaita hoton a kan retina, a kuma bar hasken ya ɗan jima kafin a fara ɗauka, domin sinadarin gani da ke cikin ƙwayoyin retina shi ma yana shan haske har sai ya koɗe. An cika duka a wurin dattijon. Abin da ba a iya cirewa ba shi ne yanar hagu. Tsohon lensi in shuɗi ya buge shi, shi kansa yana ƙyalli, yana kuma watsa hasken da ke ratsa shi. Wannan hazon yana zuba a kan hoton duka, ya cike duhun fobiya, kamar wanda ke kallon baƙin tabo ta gilashin da ya yi raɓa. Duhu ya ragu, lissafi ya ce launi kaɗan ne. Daga nan 0.14 ta fito. Dama mai roba garau ba ta da wannan hazon, 0.38 ɗinta abin dogaro ce.

Kusancin 0.38 da 0.34 yana kwantar da hankali, amma ba ya nufin a riƙa musanya na'urorin. Kowace da faɗin wurin da take aunawa da zoben da take kwatantawa da shi. Haka ma sauran hanyoyin, awon hasken da ke dawowa daga bayan ido da awon Raman da aka bunƙasa a Jami'ar Utah, kowanne da ma'auninsa, kuma yana tana shafar su. Wanda aka fara bi da wata na'ura, da ita za a ci gaba.

Bayan an tace, abin da ya rage shi ne idanu biyu masu launi matsakaici, tsakanin 0.3 da 0.4, kusa da juna kamar yadda ake tsammani tun farko.

Shawarar magani

An ba shi haɗin AREDS2, ƙwayar bitamin da ma'adanai mai ɗauke da lutin da ziyazantin, kuma dalilin ba shi shi ne manyan durusen a ido biyu, ba lambar launi ba. Da ya fito da 0.6 ma za a ba shi, da kuma ba shi da durusen ko ƙanana ne kawai, 0.1 ba za ta sa a ce gwaji ya nuna amfanin haɗin a gare shi ba. AREDS na farko, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa bitamin C miligiram 500, bitamin E IU 400, beta-karotin miligiram 15, zinki miligiram 80 da jan ƙarfe miligiram 2 a kullum sun rage haɗarin kaiwa mataki mai tsanani da kusan kashi 25 cikin 100 a shekara 5, a masu matakin tsakiya ko waɗanda ido ɗaya ya riga ya tsananta. AREDS2, mai mutum 4,203, ya fito a 2013 da lutin miligiram 10 da ziyazantin miligiram 2. A babban lissafinsa, ƙara su a kan tsohon haɗin bai nuna ƙarin kariya a fili ba. Amfanin ya bayyana ne a waɗanda abincinsu ya fi ƙarancin waɗannan sinadarai, da kuma inda suka maye gurbin beta-karotin. An zaɓi mahalarta gwaje-gwajen biyu da hoton bayan ido, ba da kaurin launi ba, kuma babu wata lambar MPOD da jagororin magani suka ajiye a matsayin iyakar fara ba da ƙwaya. Binciken da suka kwatanta masu cutar da marasa ita ma ba baki ɗaya suka yi ba: wasu sun ga launin ya ragu, wasu ba su ga bambanci ba, wasu sun same shi da yawa a masu cutar, waɗanda da yawansu sun riga sun fara shan ƙwayar.

Tarihin sigarinsa ya sa aka ja masa kunne a kan abu guda: ya karanta jikin kwalba, in ya ga beta-karotin ya ajiye. A AREDS2 sankarar huhu ta fi fitowa a waɗanda suka sha shi, mafi yawansu waɗanda suka taɓa shan sigari suka bari, kuma bibiyar shekara 10 da aka buga a 2022 ta nuna haɗarin ya kusa ninki biyu, alhali lutin da ziyazantin ba su nuna haka ba. Aka ce ya riƙa sha tare da abinci mai ɗan maiƙo, saboda sinadaran a kitse suke narkewa, kuma zinki a cikin da babu komai yana tayar da zuciya. Aka ba shi takardar layuka ta Amsler, ya riƙa duba ta da tabaran karatu, ido ɗaya a rufe, sannan ɗayan.

Bayan shekara guda

A wata na 6, cikakken gwajin ƙiftawa a dama ya ba da 0.41. Ƙarin 0.07 ne. Yana iya zama na gaske, domin launin makula yakan hau a hankali cikin watanni a mafi yawan masu shan lutin, ko da yake wasu ba sa hawa. Amma awo biyu na mutum ɗaya a wannan na'ura suna iya bambanta da 0.1 ko fiye ba tare da komai ya canza ba, don haka aka rubuta cewa ya tafi inda ake so, ba a ce ya tabbata ba. Akwai kuma wani tarko a nan: mai shan ƙwaya na dogon lokaci launin yakan ɗan taru har a gefe, wurin da ake ɗauka babu komai, sai lambar ta nuna ƙasa da ainihin ƙarin.

A wata na 8 aka yi masa aikin yanar hagu, gani ya koma 6/9. A wata na 12 hoton ƙyalli ya ba da 0.43 a hagu, inda a da yake 0.14, dama kuma 0.44. Ɗansa da ya rako shi ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, ya ga hagu ta ninka sau uku, ya tambaya ko maganin ya gama aikinsa, ko za a iya rage zuwa asibiti. Tambaya ce mai hankali ga wanda lambobi kawai ya gani. Aka nuna masa tsohon hoton hagu mai hazo da sabon mai tsabta, aka ce ya dubi dama, wadda lensinta bai canza ba: daga 0.38 zuwa 0.44. Wannan ne gwargwadon abin da za a iya danganta wa ƙwayar. Sauran tsallen na hagu, aikin yana ne ya buɗe hanya kyamara ta ga abin da yake nan tun da.

A wannan zuwan kuma hoton bayan ido ya nuna sabon tabon duhu a RPE ta dama, wadda a bara ba ta da shi. OCT har yanzu babu ruwa. Makinsa ya tashi daga 3 zuwa 4, haɗarin shekara 5 daga kusan kashi 25 zuwa kusan 50, a daidai ranar da lambobin launinsa suka fi kyau. Aka bar shi a kan AREDS2, aka matso da lokacin dawowa zuwa wata 6 da OCT kowane zuwa. A fayil aka soke 0.11, 0.52 da 0.14, aka rubuta dalilin kowace a gefenta, aka sa 0.43 a matsayin sabon mafarin hagu tare da ranar aiki da irin robar da aka sa. Aka gaya wa dattijon, a gaban ɗansa, cewa in layin Amsler ya karkace, ko wani wuri ya dushe a tsakiyar gani, kada ya jira ranar da aka rubuta masa, ya zo cikin kwana ɗaya ko biyu, domin nau'in mai zubar ruwa da allura a cikin ido ake tare shi, kuma ganin da aka ceto ya danganta da saurin farawa.